Cigiyar 'yan uwan da bauta ta raba a Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda ake yawan yayata gwajin ƙwayoyin halitta a matsayin hanyar da baƙaƙen fatar Amurka za su gano danginsu da bauta ta raba su da su. A ganina an fifita gwajin fiye da kima, an kuma yi watsi da shaidar da bayin suka bari da kansu.

Rabuwar da ta fi ci wa waɗannan mutane rai a cikin Amurka ta faru. Bayan an haramta shigo da bayi daga Afirka a 1808, noman auduga ya bunƙasa a kudancin ƙasar, sai fatake suka riƙa sayen bayi a jihohin Virginia da Maryland suna kai su Louisiana da Mississippi da Alabama. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwashe ta wannan hanya kafin yaƙin basasa, ana sayar da uwa gabas, ɗanta yamma. Da aka soke bauta a 1865, kusan mutum miliyan huɗu suka sami 'yanci, kuma da yawansu neman 'yan uwa suka sa a gaba tun kafin su san inda za su kwana.

Wasu sun taka a ƙasa daga jiha zuwa jiha, wasu sun kai kuka ga hukumar kula da 'yantattun bayi wadda gwamnati ta kafa a 1865, wasu kuma sun ba da cigiya a jaridu kamar Christian Recorder ta Philadelphia da Southwestern Christian Advocate ta New Orleans. Da yake jihohin kudu da dama sun haramta koya wa bawa karatu, limaman coci ne suke karanta cigiyar ga jama'a ranar Lahadi, ko Allah zai sa wani ya ji sunan da ya sani. Mai cigiya kan faɗi sunan mahaifiyarsa, da sunan ubangijin da ya mallake su, da garin da aka sayar da ita, da shekarar da ya yi mata ganin ƙarshe. Sunan ubangijin ya zama dole, domin bawa kan sami sabon suna idan ya canza hannu. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne an ci gaba da buga irin wannan cigiya har farkon ƙarni na 20, wato tsofaffi suna neman iyayen da suka rabu da su tun suna yara.

Darajar waɗannan takardu tana fitowa idan aka duba ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860, inda aka rubuta bayi a ƙarƙashin sunan mai su, da shekaru da jinsi da launin fata kawai. Sai a ƙidayar 1870 akasarinsu suka bayyana da sunayensu. Gwajin ƙwayoyin halitta yana iya nuna yankin Afirka da kakanni suka fito, yana iya haɗa mutum da wani dangi na nesa da ke raye, amma ba zai faɗa masa sunan kakarsa ko wanda ya sayar da ita ba.

Tun 2017 Jami'ar Villanova, tare da cocin Mother Bethel na Philadelphia, take tattara dubban waɗannan cigiyoyi tana sa su a intanet kyauta. Ina roƙon jaridarku ta fassara wasu daga ciki ta buga, domin masu karatu su ji labarin daga bakin waɗanda abin ya shafa.

Na gode.

Mai karanta jaridarku a kullum.