Man bilicin ba ya hana fata tsufa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwa mata, har ma da wasu maza, game da mayukan da ake tallatawa a Facebook da TikTok da sunan mai da tsohuwa yarinya.

Yawancin waɗannan haɗe-haɗe da ake durawa a robobi marasa suna, cike suke da sinadarin hydroquinone, ko na mercury, ko maganin steroid mai ƙarfi irin su clobetasol. A makonnin farko fata takan yi haske da sulɓi, amma idan aka ɗore da shafawa sai ta yi shara-shara har ana hango jijiyoyi, nankarwa ta feso a damtse da cinya, kumatu su ƙone su yi baƙi, gaɓoɓin yatsu kuma su ƙi bin launin sauran jiki. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a shekarar 2023.

Abin da likitocin fata suka tabbatar ba shi da armashi a talla, shi ya sa ba a jin sa. Hasken rana ne babban abin da ke yamutsa fata kafin lokacinta. A wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2013, waɗanda suke shafa man kariya daga rana kullum sun nuna ƙarancin alamun tsufa da kashi 24 cikin ɗari bayan shekara huɗu da rabi, idan aka kwatanta da waɗanda ba kullum suke shafawa ba. Gaskiya ne baƙar fata tana da garkuwarta, kuma tamoji yakan jinkirta mana, sai dai mu tabo da dabbare-dabbare ne suka fi addabar mu, don haka man kariya daga rana mai lamba SPF 30 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) yana da amfani a gare mu. A lokacin hunturu kuwa, man kaɗe ko basilin bayan wanka, tun jiki da danshi, ya isa ya kori kaushi. Taba sigari ita ma tana tsofar da fuska.

Ga wadda alamun tsufa suka riga suka bayyana a jikinta, akwai wani maganin shafawa mai suna tretinoin, wanda ake shafa ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake da daddare, kuma sai an yi haƙurin watanni kafin a ga sauyi. Likita ne ya kamata ya rubuta shi, kuma mai juna biyu ba ta amfani da shi.

Ina roƙon ku gayyato likitan fata ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu a shafinku na kiwon lafiya, ko da sau ɗaya ne a wata.

Naku,
Mai karatu daga Kano