Zuwa ga abokan cinikinmu na Tawa, kan maganar eto ɗin da suka karye

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena.

Bayan gaisuwa da fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa, na ga gara ku ji daga bakina, tunda magana ta riga ta zaga kasuwa kuma kowa yana ƙara mata gishiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Eto ɗin nan, wato ƙarfen da ake ɗaure wa tebur don matse abin da ake aiki a kai, masu shuɗin fenti da muka sauke bayan Sallar layya, masu faɗin baki milimita 150, ba su da kyau. Cikin 24 da suka fita daga shagonmu, 7 sun dawo a karye, sauran kuma ban da kwanciyar hankali a kansu.

Na farkon da ya dawo, wani yaro ne mai gyaran baburan ƴan kabu-kabu ya kawo shi cikin buhun siminti. Ko sallama bai yi ba, ya juye buhun a gabana. Muƙamuƙin da ke tafiya ya ɓalle daga wuya kamar an karya rake. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Kai, ba tiyo ka zura a hannun ka danna ba?" Yaron ya ce wallahi da hannunsa kawai ya murɗa. Sai da na ɗauki guntun na fita da shi rana na ga gaskiyarsa. Cikin ƙarfen toka-toka ne, ɓarje-ɓarje kamar tsakin gero, ga wani rami da ƙwallon dabino zai shige, an cike bakinsa da mastik, irin wanda masu gyaran mota ke cike lotsa da shi, an shafe da fenti. Ɗana, in kana karanta wannan, ka yi haƙuri da waccan tambaya.

To amma ina roƙon ku saurari yadda abin ya faru, don na ji ana cewa da saninmu muka sayar da jabu. Wannan magana ta yi mini zafi ƙwarai. Shagon nan mahaifina ne ya buɗe shi, a cikinsa na koyi ƙirga canji, kuma ba a taɓa kai mu gaban kowa kan algus ba.

Ba mu muke ƙera eto ba, kuma ba mu muke shigo da shi ƙasa ba. Akwai wani babban ɗan kasuwa a Yamai da muke sari a hannunsa shekara 11, ba zan faɗi sunansa ba. Da can kayansa ta Kwatano suke zuwa, su haura Parakou, su ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya, sai Dosso. Tun bayan juyin mulkin da aka yi a watan Yuli na 2023 aka rufe waccan iyaka. An ɗage takunkumin CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Fabrairun 2024, an buɗe ta wajen Najeriya, amma gadar Gaya ba ta buɗu ba. Ba siyasa nake ba, hanyar kaya nake faɗa muku. Sai kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, kamiyo kuma ba ya tashi sai an tara ayari an samu rakiyar sojoji. Direba ya yi makonni yana jira, duk wannan zaman a kan kaya ake ɗora kuɗinsa. In sun iso Yamai saura wajen kilomita 550 kafin Tawa, ta Dosso da Dogon Dutse da Ƙonni. Shi kuwa eto ba batir ɗin tocila ba ne, nauyinsa ake biya wa mota. Mutumin nan ya ga in ya ci gaba da kawo irin na da, kuɗin zai fi ƙarfin mutane, sai ya sauya masana'anta bai gaya wa kowa ba. Kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, har takardar da aka manna a jiki iri ɗaya. Ku gaya mini, wa zai kankare fentin sabon kaya kafin ya jera shi?

Abu guda dai na gani na kau da kai, kuma shi ke hana ni barci. Ranar da ake saukewa, ƙaramin yaron shagonmu ya ɗauki kwali ɗaya da hannu guda yana dariya. Irin na da, sai ya rungume shi a ƙirji yana nishi. Bayan ɓarna ta auku na ɗora su a sikeli: tsohon da muke aiki da shi a bayan shago kilo 18, sabon kilo 11.

Muna magana da mutumin na Yamai, kuma ana duba yadda za a yi. Akwai wata hanya da muke nema ta daban, in ta tabbata za ku ji. Wanda nasa ya karye ya kawo mana, da takardar saye ko babu, mun san fuskokin mutanenmu, mu zauna mu fahimci juna. Ba zan yi alkawarin rana ba don kada in zama maƙaryaci sau biyu.

Kafin nan, bari in faɗa muku abin da ya kamata in riƙa faɗa wa duk mai saye tun farko, ko a wurinmu zai saya, ko a Katako ta Yamai, ko a ƙetare ta Illela.

A fara da ƙarfen. Yawancin eto masu araha ƙarfen zubi ne, wanda muke kira font, mai launin toka. Shi font ba ya lanƙwasa, ba ya gargaɗi, karyewa kawai yake yi. In zubin mai kauri ne kuma babu rami a ciki, zai yi shekaru yana aikin gida lafiya lau, ba sharri nake masa ba. Akwai wani zubin da ya fi shi jimiri, wanda ƙarfin da yake ɗauka kafin ya tsinke ya kai ninki biyu na mai tokar, sai kuma na sama da su duka, wanda aka buge daga ƙarfen asiye, wato ƙarfe mai tauri irin na wuƙa da gatari, kamar Heuer na Jamus. Waɗannan kuɗinsu da Yuro ake lissafawa, Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, kun ga ba kowa zai iya ba. Yadda za ka gane abin da ke hannunka: ƙwanƙwasa jikinsa da ƙaramin makulli, asiye yana amsawa da ƙara mai tsawo, font kuwa sai ka ji ƙwas, shiru. In mai kaya ya yarda, goga magagari a ƙasan gindin inda ba a gani, in garin ya baƙanta maka yatsa kamar bakin fensir, font mai toka ne. Ka kuma zo da ɗan maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar lasifika ne. Bi wuyan muƙamuƙi da shi a hankali, inda ya saki jiki ya ƙi kamawa sosai, mastik ne a ƙarƙashin fenti. Da na yi wannan da ba mu kai nan ba.

Sai ka ɗaga shi. Eto biyu masu baki ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ne naka.

Girman kuwa, mutane suna son babba don a gani. Mai aikin gida, wanda zai yanke tiyo da zarto, ya gyara ƙotar gatari, ya wasa lauje, milimita 100 zuwa 125 ya ishe shi. 150 na masu gareji da masu walda ne. Ƙaramin mai kyau ya fi babban banza, kuma kuɗinsu kusan ɗaya.

Daga nan ka buɗe bakin har ƙarshe, ka kama muƙamuƙin gaba ka jijjiga. Ɗan motsi ba laifi, amma in yana rawa kamar haƙorin tsoho, ajiye shi. Rufe shi a kan takarda, gefen dama sannan gefen hagu, ka ja. In ya riƙe gefe guda ya saki ɗaya, bakin a karkace yake, duk abin da ka matse zai riƙa zillewa. Leƙa sandar murɗin da ke ciki: zarenta ya zama mai kauri mai faɗin kai, ba siriri mai tsini irin na bulon ba, kuma ya fi kyau a ce a rufe take, don ƙurar hunturunmu in ta haɗu da giris tana cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. Farantan haƙoran da ke baki kuma su zama masu kuncewa, in sun cinye a sauya su. Gindi mai juyawa yana da daɗi, amma wurin rauni ne, mai aikin duka ya ɗauki marar juyi.

Yanzu kuma, ba don in wanke kaina ba, dole in faɗi wannan. Eto ba maƙera ba ce. Ɗan filin da ke bayansa na miƙe ƙusa ne, ba na masaba ba. Hannunsa an yi shi daidai ƙarfin da jikin zai ɗauka, wanda ya ƙara masa tsawo da tiyo ya nemi karyewa, ko na wace ƙasa ne. A ɗaure shi da bulon da ya huda teburin ya fito ƙasa, a saman ƙafar tebur, bakin da ba ya motsi ya ɗan leƙo waje don dogon ƙarfe ya sauka tsaye. Tsayinsa ya zo daidai gwiwar hannunka in kana tsaye. Wanda ya karye kuma kada a ɓata kuɗin walda a kansa, font sai an gasa shi an sa sandar nikel, kuma duk da haka wurin ba ya komawa kamar da.

In kun ci karo da tsohon Record na Ingila ko Sambre et Meuse na Faransa a wurin masu kayan gwanjo, babu tsaga, zaren bai cinye ba, ku saya ko da tsatsa. Ga mai shago yana tura ku wani wuri, ku dubi inda abin ya kai ni.

Ina godiya ga waɗanda ba su juya mana baya ba. Baba maƙeri da ya fara sayen magagari a hannun mahaifina tun ina ɗan lakwal, ya zo shekaranjiya bai sayi komai ba, ya zauna kan benci ya sha shayi don mutane su gan shi. Baba, na gane, Allah Ya ƙara girma. Yayana mai gyaran injin ban ruwa na masu albasa a Galmi, wanda nasa yana cikin bakwai ɗin, ya bugo waya ya ce in bar maganar sai bayan an cire albasa. Hajiya da ta saya wa ɗanta kayan aiki a wurinmu lokacin da ya gama koyon walda, har yau ta kan aiko a gaishe mu. Da maƙeran azurfa masu sayen ƙananan eto, waɗanda ba abin da ya same su amma suka zo jaje.

Akwai kuma waɗanda na ga suna wucewa ta ɗaya gefen titi tun da abin ya faru. Ban riƙe kowa ba. Ina dai tuna cewa wasunsu sun ɗauki kaya bashi a nan shekarar da damina ta ƙi, ba mu taɓa aika yaro ƙofar gidansu ba.

Sauran shuɗayen na kwashe su daga kan kanta, suna ɗakin baya. Tsohon eto na mahaifina yana nan ɗaure a teburin bayan shago, duk wanda aikinsa ya tsaya saboda namu ya zo ya yi amfani da shi, daga safe har kiran Magariba, ban da lokacin Juma'a.

Naku,
Mai shago, a madadin yaran shago duka.