Amsa ga mai tambaya kan sanyin watan Agusta

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a: in da gaske duniya na ƙara ɗumama, yaya aka yi kuka tashi da sanyi a ƙarshen Agusta, zafin bazarar ƙasarku bai ma gama sauka ba, har ma'aikatan yanayi suka ce ba a taɓa ganin irinsa ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ban ji daɗin yadda wasu suka yi maka caa ba.

Sanyin da ka ji gaskiya ne. Akwai wata iska mai gudun tsiya a can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, da ke tafiya daga yamma zuwa gabas. In ta lanƙwasa ta yi kudu, sai ta jawo iskar yankin ƙanƙara. Dare ya yi, sama garau babu gajimare, iska ta kwanta, ƙasa ta saki zafin da ta sha da rana. Da asuba raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf, mutum yana ganin hucin bakinsa. Mazauna kwari sun fi shan wuya, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take.

Inda nake so ka tsaya shi ne maganar kafa tarihi, wato cewar ba a taɓa auna sanyi irin wannan ba. Na'urar auna zafi ɗaya ce, a tashar yanayi ɗaya, cikin farin akwati mai ƙofofin shan iska, tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Awon yau da na rana irin ta yau a shekarun baya ake gwada shi. Tashar da aka buɗe shekara 40 da suka wuce, alƙaluma 40 kacal take da su na wannan rana. Ga tashoshi dubbai, ga kwanaki 365. Dole wani wuri ya kafa tarihin sanyi. Abin dubawa shi ne wanne ya fi yawa. A Amurka, a shekarun 1950 tarihin zafi da na sanyi kusan kunnen doki suke, amma daga 2000 zuwa 2009 na zafi ya ninka na sanyi.

An taɓa yin bazarar da sanyinta ya game ƙasashe. Dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, hayaƙinsa ya tare rana, a Yunin 1816 dusar ƙanƙara ta sauka a arewa maso gabashin Amurka, amfanin gona ya lalace har Turai. Pinatubo na Filifin ma, bayan amansa na 1991, ya rage ɗumin duniya da kusan rabin digiri. Naku sanyin kuwa na kwana uku ko huɗu ne, kuma lokacin da kuke neman bargo, wataƙila wasu a wani gefen wannan lanƙwasar suna fama da zafi. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ta zarce duk shekarun da aka auna kafinta ɗumi.

Ka roƙi ma'aikatan tasharku su ƙidaya maka tarihin zafi da na sanyi na shekara 30 da suka wuce, ka turo mini mu duba tare.

Wassalam,
Ɗan'uwanka