Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya riƙe amanar da kuka ɗora masa a bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi a babban taro.

Adashi bai tsaya ba, an kai gudummawar suna da ta rasuwa yadda aka saba, an kuma raba wa marayu barguna kafin sanyin Jos ya kankama. Ajin ɗinki ne ya yi rauni, kekunan sun lalace kuma har yanzu ba a gyara ba. Wannan laifinmu ne, mun karɓa.

Aikin da ya cinye mana shekara shi ne zaman tattaunawa kan tazarar haihuwa da muka riƙa yi gida-gida a Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos da 'Yan Shanu, tare da wata uwarmu ungozoma da ta yi ritaya daga aikin asibiti. Mun fita da zaton cewa maza da batun addini ne za su tare mana hanya. Akwai magidantan da suka hana, akwai kuma surukan da ke ƙirga wa matar ɗansu watanni, musamman inda ake da kishiya. Amma malamar Islamiyyar da ta raka mu ta sauƙaƙa zancen: aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, sahabbai sun yi azlu, wato fitar da maniyyi a waje yayin saduwa, kuma tun kaka da kakanni Bahaushe yana gudun kwanika. Shekara biyun nan ita ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a jira bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Da wuya aka yi mana gardama a nan.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne yawan matan da suka taɓa gwadawa suka bari. Kusan kullum labarin ɗaya ne: jini. Wata ta yi allurar wata uku, al'adarta ta rikice, tana ta ɗigo har ta rasa ranar da za ta yi salla da natsuwa, azuminta ma ya shiga ruɗu, maigida ya fara tsaki. Wata kuma jinin ya ɗauke gaba ɗaya, maƙwabta suka ce mata taruwa yake a ciki zai zama ƙari. Babu wadda aka zaunar aka yi wa bayani kafin a soka mata allurar. Ungozomarmu ta sha maimaita cewa rikicewar al'ada a watannin farko abu ne sananne ga allura da kuma ashanar da ake sawa a damtse, cewa jinin da bai zo ba babu inda yake taruwa, kuma in zubar ta yi yawa akwai maganin da ake bayarwa ko a sauya hanya. Ta kuma faɗi abin da ake ɓoyewa: bayan barin allura, ciki kan yi jinkirin watanni, wani lokaci har kusan shekara, alhali da an cire ashana haihuwa kan dawo da wuri. A ganina, da ana faɗa wa mata wannan tun farko, da maganar cewa allura tana kashe mahaifa ba ta samu gindin zama ba.

Sai kuɗi. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma mambobinmu sun biya kuɗin kati, gwajin ciki, safar hannu da auduga. Cire ashana ya fi sawa wahala. Ashanar da ake kira Implanon shekara 3 take yi, wadda ake kira Jadelle kuma shekara 5, kuma sai ma'aikaciyar da ta ƙware ce ke cirewa. Mun raka wata ƙanwarmu wani asibitin unguwa har sau uku, yau a ce mai cirewa ba ta zo ba, gobe a ce ta yi haƙuri ai wa'adin bai cika ba. Jikinta ne, ita ta ce a cire, bai kamata ta roƙa ba. Sai da ungozomarmu ta shiga maganar aka yi. Kowace tafiya kuɗin Keke Napep ne, kun kuma san yadda sufuri ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023.

A bana an ƙara samun yankewar kaya. Amurka ta rufe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, wato USAID, wadda ta daɗe tana tallafa wa wannan fanni, mu dai abin da muka gani shi ne mace ta je ranar allurarta a ce ta ƙare. Daga nan sai kemis, inda babu mai auna hawan jini kafin ya miƙa ƙwaya, alhali ƙwayar da aka fi sayarwa ba ta dace da mai hawan jini ko mai sabon jego ba. Ga kuma halin garinmu: da an ji ƙishin-ƙishin ɗin tashin hankali, mace ba za ta tsallaka wata unguwar don neman asibiti ba, ko da can ne ake da kayan.

Ba mu kaɗai ba ne. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar ya nuna matan aure 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyar zamani a 2018, suka koma 15 a binciken 2023 zuwa 2024, yayin da kusan ɗaya cikin biyar ke son hutu amma ba ta amfani da komai.

Inda muka gaza shi ne zaman maza. Mun kira magidanta, 'yan ƙalilan suka zo, su ma yawancinsu mazan 'yan kwamiti ne da ba su da yadda za su yi. Mun gane kuskure ne mata su kira. Baɗi za mu roƙi limamai da masu unguwa su jagoranta.

Abu biyu muke kawowa gabanku don ku yanke hukunci. Na farko, a ware wani abu daga kuɗin wata-wata don kuɗin mota da na cire ashana ga wadda ba ta da hali, ba tare da an rubuta sunanta a littafin da kowa ke dubawa ba. Na biyu, a nemi ma'aikaciyar lafiya ta koya wa masu so allurar Sayana Press, wadda mace ke iya yi wa kanta a gida duk wata uku bayan an horar da ita. Wasu iyayenmu a kwamiti ba su gamsu da na biyun ba, suna ganin zai jawo ɓoye-ɓoye tsakanin mata da miji, don haka kowa ta zo da ra'ayinta. Za a sanar da ranar taro ta WhatsApp, masu bashin kuɗin wata kuma su taho da shi.

Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa, Jos.