A daina girka Zenmap da tsohuwar dabara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi gyara kan wata matsala da ke hana masu koyon tsaron kwamfuta sakat, wato girka Zenmap. Nmap manhaja ce da Gordon Lyon ya fitar a 1997, aikinta leƙa na'urorin da ke kan hanyar sadarwa ta gano ƙofofin da ke buɗe da abin da ke aiki a bayansu. Zenmap kuwa fuskarta ce mai maɓallai, don wanda hannunsa bai faɗa da rubuta umarni ba.

Asalin matsalar shi ne da harshen rubuta manhaja na Python 2 aka rubuta Zenmap, shi kuma an daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Shi ya sa Ubuntu 20.04, wani tsarin Linux, ta fito babu Zenmap a rumbunta. Sai mutane suka koma sauke fayil ɗin rpm suna juya shi zuwa deb, irin fayil ɗin girki da Ubuntu ke karɓa, da wata manhaja mai suna alien. Girkin zai kammala lafiya lau, amma da an buɗe sai ta ƙi tashi, domin tana neman PyGTK, tsohon kayan zana taga na Python 2, wanda babu shi a sabbin tsarin. Abin takaici, har yau ana koya wa ɗalibai wannan hanya, alhali tun Nmap 7.94 na shekarar 2023 aka mayar da Zenmap kan Python 3 da kayan zana taga na GTK 3. A nemi wannan sigar ko wadda ta biyo bayanta. A Debian da Ubuntu a tabbatar akwai python3-gi da python3-gi-cairo da gir1.2-gtk-3.0. Idan aka ga saƙon "No module named gi", na farkon ne ba a saka ba.

Sai batun izini. Binciken SYN, wanda ke taɓa ƙofa ba tare da kammala haɗi ba, da gano irin tsarin da na'ura ke amfani da shi duk suna buƙatar ikon root, wato cikakken ikon mai kula da tsarin, domin Nmap da kanta take ƙera fakitin bayanan da take aikawa. In babu wannan iko, binciken SYN zai koma na cikakken haɗi, gano tsarin kuma ba zai yiwu ba. Masu Wayland, tsarin nuna taga a Linux, sukan rubuta sudo zenmap su ga an ce ba a iya buɗe allo ba. Maganinsa a fara rubuta xhost +si:localuser:root, in an gama aiki a janye izinin ta hanyar sa alamar ragi a gurbin ta ƙari.

A Windows abin ya fi sauƙi, fayil guda ne ke ɗauke da Nmap da Zenmap da Npcap, wato manhajar da ke bai wa Nmap damar aikawa da kama fakiti. Kada a cire alamar Npcap lokacin girki. Idan aka ga "Failed to open device", a cire tsohon WinPcap, wanda Npcap ya gada, in yana nan, a sake girka Npcap, sannan a duba katunan sadarwa da nmap --iflist.

Abin da muka fi so a kula da shi shi ne layin Command da ke saman taga. Duk zaɓin da aka yi, nan yake bayyana a rubuce. Quick scan na nufin -T4 -F, ƙofofi 100 kacal maimakon 1000 da aka saba dubawa, saboda haka shirunsa ba shaida ba ce cewa komai a rufe yake. Intense scan kuwa -T4 -A -v ne, mai hayaniya sosai, kuma yana iya rikita tsofaffin na'urori irin su firinta. Idan Nmap ta ce na'ura a kashe take alhali ana ganinta a kunne, galibi katangar tsaro ce ke watsar da saƙon gwaji, sai a ƙara -Pn a layin.

Kada a yi gwaji a kan na'urar da ba a ba mutum izini ba, a ƙasashe da dama hakan na jawo shari'a. Masu Nmap sun tanadi scanme.nmap.org don gwaji, sai dai sun roƙi a taƙaita zuwa 'yan lokuta a rana.

Wassalam,
Wasu masu aikin tsaron hanyoyin sadarwa