Wasiƙa zuwa ga aminina a kan ƙwaƙwalwa da neman waraka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, wasiƙarka ta iso, kuma na daɗe ina juya tambayarka game da na'urar da kamfanin Neuralink ya dasa a ƙwaƙwalwar Noland Arbaugh a Amurka cikin Janairun 2024, wadda ta ba shi damar motsa alamar kwamfuta da tunaninsa bayan jikinsa ya shanye tun 2016. Ka ce kana tsoron kada wannan ya shiga cikin canza halittar Allah da Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kai.

A ganina, mayar wa mutum abin da cuta ta raba shi da shi magani ne, kuma an umarce mu da neman magani. Likitoci sun shafe shekaru suna sa wa masu cutar Parkinson siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa don rage karkarwa, ban ji malamin da ya haramta ba. Inda zuciyata ke ɗar-ɗar shi ne ranar da mai lafiya zai biya kuɗi a ƙara masa kaifin hadda, ɗan talaka kuma ya zauna jarrabawa ɗaya da shi. Akwai kuma batun wanda zai mallaki bayanan da na'urar ke kwasa daga cikin kai, abin da ya sa ƙasar Chile ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2021 don kare su.

Amma gaskiya, wasiƙarka gida ta tuna mini. Ka san ɗan ƙanwata mai farfaɗiya. Bara wani mai ruƙiyya ya ce aljani ne, ya sa aka daina ba shi ƙwayoyin asibiti, sai tofi da rubutun sha. Cikin mako uku yaron ya faɗi kusa da murhu, hannunsa ya ƙone. Ni ban raina addu'a ba, ni ma ina yi masa kullum, sai dai addu'a ba ta taɓa neman a zubar da magani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron yana da shekara goma sha bakwai, amma babu wanda ya tambaye shi me yake so.

Arbaugh aƙalla an zauna da shi, an yi masa bayani, ya amince. Mu kuwa har yau Kanawa ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. A 2019 kuma 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida da ake kai mutane gyaran tarbiyya a Rigasa ta Kaduna, wasunsu cikin mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma ƙanwata ba ta ma taɓa jin labarinta ba.

Yaron ya koma kan maganinsa, faɗuwar ta ragu sosai. Don Allah ka tambayi likitocin da kake aiki da su yadda suke shawo kan iyayen da suka fi yarda da mai addu'a, domin mahaifinsa ya fara maganar a sake komawa can bayan salla.

Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka amini.