Edita, wai tiyar nan tamu ta yi baftisma kuwa?

Ya Edita,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Don Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan tamu, akwai wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, da 'yan uwana Kiristoci nake musamman mu 'yan kasuwa, amma duk wanda yaga ta shafe shi to ya ɗauki rabonsa ba sai na kira suna ba.

Ni ɗan Wusasa ne nan gefen Zariya, hatsi nake sayarwa, masara da dawa da wake, wani lokacin har shinkafa 'yar Hausa in jari ya ɗan motsa. Shekarata 19 a sana'ar nan. A coci kuma ina cikin dattawa, ranar Lahadi a gaba nake zama da babbar riga, ni nake zagayawa da kwanon baiko, wani lokacin ni nake karanta nassi kafin fasto ya hau wa'azi. Na faɗi haka ne don kar wani yace daga waje nake jifa, ai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to ni nawa zan fara takawa a gaban jama'a.

Edita tiya biyu gare ni, ko ince da tiya biyu gare ni. Ɗaya babba ce mai faɗin baki, da ita nake shiga kasuwannin ƙauye wajen su Giwa da Maƙarfi in awo a hannun manoma, ɗayar kuma ita ce ta rumfa wadda nake auna wa masu saye, ita wannan an kifa ta an ɗan daddaki gindinta da taɓarya ya shige ciki, in ka kalle ta daga sama ras take ba zaka ga komai ba, har in tara maka hatsi ya yi tozo yana zuba kana min godiya, alhali tafin hannu guda ya riga ya tafi. Buhun da ya kamata ya ba da wajen tiya 40 ni sai in fitar da 42 ko 43 a ciki. Kuma gaskiya ban taɓa ɗaukar abun a matsayin zunubi ba, dabarar kasuwa muke ce mata, haka na tarar ana yi, haka maigidan da ya koya min sana'a ya nuna min tun ina yaron shago. Zunubi a wajena shi ne giya da neman mata da zuwa wajen boka, tunda bana ɗaya daga ciki sai nake ganin ni da Ubangiji lafiya lau muke.

A watan Fabrairun 2023 lokacin da aka canza kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutane na kwana a layin banki, wata dattijuwa daga Zumuntar Matan cocinmu, mijinta ya daɗe da rasuwa tana riƙe da jikoki uku, tazo rumfata ta sayi tiya biyu na masara da kuɗin da ta ce tun asuba take layi kafin ta same su. Na auna mata har da ɗan gyara, ta tafi. Washegari sai gata ta dawo da masarar a ƙullin zane da wata tsohuwar tiya ta gidansu duk ta yi baƙi, ba faɗa ba hayaniya, ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka saba, ta juye masarar nan a tiyarta a gabana, ta farko ta cika, ta biyun ko wuya bata kai ba. Sai ta ɗago ta dube ni tana ɗan murmushi tace, Dattijo, na san kai an yi maka baftisma don ina wurin, amma tiyar nan taka ta yi baftisma kuwa?

Kai Edita! Da ƙasa zata tsage da na shige. Nace Mama kiyi haƙuri, na cika mata na ƙara, bakina na rawa. Tace ita ba ƙari tazo nema ba, nata kawai take so, ta kwashe abun da na ƙara da hannunta ta mayar cikin buhu, ta ɗaure zaninta tayi gaba.

Maƙwabcin rumfata wani Alhaji ne, mun fi shekara goma tare, in zai tafi masallaci ni nake duba masa kaya in zan tafi taron dattawa shi yake duba min, duk abun nan yana ji amma ya yi kamar yana lissafi. Sai da la'asar kasuwa ta lafa yace min, Malam kar ka ji kunyata, mu ma a Alƙur'ani sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu kuma kaga layin nan namu har da masu carbi a hannu ana yi, amma ni abun da ya ban mamaki na ɗauka ku littafinku bai yi maganar ba ne. Wannan kalmar ta fi ta Mama yi min zafi, wato shekara goma mutumin nan yana karanta addinina a tiyata ni ban sani ba.

Da dare na ɗauko Littafi Mai Tsarki, ashe maganar tana nan ɓaro-ɓaro a Maimaitawar Shari'a sura 25, an hana mutum ya ajiye mudu iri biyu a gidansa babba da ƙarami, kamar dai wanda ya rubuta ya leƙa rumfata. A Karin Magana 11 ma ayar farko a kan ma'aunin algus take. Ni da nake tsayawa a gaban jama'a ina karatu, ko dai ban taɓa bi ta wurin ba ko na bi idona ya tsallake. Sannan na tuna Yahaya Mai Baftisma a Luka sura 3, da masu karɓar haraji da sojoji suka tambaye shi me zasu yi, bai ce su ƙara azumi ko su kwana a dutse suna addu'a ba, ce musu yayi kar su karɓi fiye da abun da aka ƙayyade, kar su yi wa kowa ƙwace, albashinsu ya ishe su. Maganar aiki ce kawai da kuɗin mutane.

Ba zan yi maka ƙarya ince daga ranar sai buɗi ya zo ba, irin shaidar da muke son ji a coci kenan. Riba ta ragu sosai, ga shi wata uku bayan nan aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kuɗin mota ya tashi, akwai satin da na zauna nayi lissafi naga wahala kawai na sha. Na tuna Zakka mai karɓar haraji da yace zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, ni ina zan ga mutanen shekara goma sha? Waɗanda na sani kuma suke zuwa har yau ina cika musu hannu ba tare da nace komai ba, manoman ƙauye kuwa da tiyar da nake sayarwa da ita nake awo yanzu, wani tsoho a Giwa har ya tambaye ni ko lafiya. Maiɗakina tace ai gara haka, wai dama ta daɗe tana jin nauyin tuwon gidan nan. Ashe ta sani ita ma!

To abun bai tsaya a kan tiya ba. Dubi bashi, an ce bashi hanji ne yana cikin kowa, ba laifi bane ka ci, amma mu yanzu da sunan Yesu ake cinsa. Mutum zai zo yace ɗan'uwa cikin Ubangiji taimaka min da buhu ɗaya zuwa ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zama shekara biyu, in ka yi magana yace baka da ƙauna, ranar bikin godiya kuma ka ji an kira sunansa a lasifika ya ba da dubu hamsin ana tafi ana guɗa. Lokacin wahalar kuɗin nan akwai yaran cocinmu masu POS da suke cire naira dubu a kan dubu biyar a hannun tsofaffin da suka goya su, da yamma kuma su ne a gaba wajen koyon waƙa. Ga wadda ke sa wa abokiyar aikinta hannu a rajista ita tana gida, ga mai sa ɗan dako ya sauke buhu ashirin yace masa dawo gobe, alhali sura 24 ta Maimaitawar Shari'a ɗin nan dai tace a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi.

Ina ɗan ganin laifin fastocinmu a nan, su gafarce ni, iyayena ne. Shekara nawa ina zaune a gaba, wa'azin buɗi da shuka iri da karya ƙofofin maƙiya na ji shi ba adadi, amma wa'azi guda a kan mudu da sikeli da biyan bashi ban tuna ba. Wataƙila ana tsoron masu manyan ambulan ne, oho.

Mu 'yan Wusasa muna son tinƙaho da tarihi, Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, aka dawo da mishan nan Wusasa a 1929, ga cocin Saint Bartholomew na ginin ƙasa irin na Hausa yana nan tsaye baƙi na zuwa kallo, ga Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ga Janar Gowon a nan ya tashi. Duk gaskiya ne. Amma kakata da ta ga mutanen farko ba gini take ba mu labari ba, cewa take a zamaninsu in Bafulatani zai yi tafiya a hannun 'yan mishan yake barin ajiyarsa ya dawo ya tarar da ƙullin yadda ya ɗaure shi. Yau wa zai bar min ajiya don kawai sunana na Littafi ne?

Na san wani zai ce ana kashe mu ana sace mu a hanya kai kana zancen tiya. Ban raina wannan ba, ina ɗan firamare a Maris ɗin 1987 na ga hayaƙin coci-coci a garin nan da idona, kuma har yau in zan shiga ƙauye awo sai maiɗakina ta riƙe hannuna mun yi addu'a a bakin ƙofa. Sai dai wancan ba a hannuna yake ba, tiya kuwa a hannuna take tun safe har magariba, kuma wanda nake tauyewa rabi 'yan cocinmu ne rabi maƙwabtana Musulmi.

Mama tana nan, har yanzu a wajena take awo, kuma har yanzu da baƙar tiyarta take zuwa a ƙullin zane, bata fasa ba, ni ma ban ce ta fasa ba. Tsohuwar tawa mai dakakken gindi tana tsakar gida kaji na shan ruwa a ciki.

Na gode Edita, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani mai awon hatsi,
Wusasa, Zariya.